Jan Ruwan da Ke Tafiya da Gona

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona bayan ruwan farko ya san kalar ruwan da ke gangarowa: ja jawur, da kauri kamar kunu. Daga sama kuwa fari tas ya sauko. Abin da ya rina shi, ƙasar gonar ce ta kama hanya.

Ɓarnar tun daga ɗigo take farawa. Babban ɗigon ruwan sama yakan faɗo da gudun da ya kusa mita 9 a daƙiƙa guda. In ya tarar da ƙasa a buɗe sai ya farfasa ta, lallausar ƙurar ta toshe ƙananan kafofin da ruwa ke bi ya nutse, saman ƙasa ya yi ɓawo. Ruwa ya rasa mashiga, dole ya nemi gangare. Mu kuma tun da kaka mun kwashe kara da harawa kaf, abin da ya rage dabbobi sun lashe, wani ma ya bi da wuta. Haka ruwan shuka ke samun gona ba ko riga.

Da fari a shimfiɗe yake tafiya, yana kankare saman ƙasa kaɗan-kaɗan, wato daidai inda taki yake. Wannan ba ya ganuwa. Sai bayan shekaru manomi ya ce gonarsa ta gaji, alhali tafiya ta yi, ta bar masa fako da tsakuwa. Daga nan ruwan ya tattaru a 'yan siraran hanyoyi waɗanda garma ke shafewa. Wadda aka bari, ita ce kwazazzabon gobe. Lissafin ma ba ya da tausayi: in gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfinsa huɗu yake ninkawa. Shi ya sa kunyar da aka ja ta bi gangare ba ta da maraba da lambatu.

Kwazazzabo kuwa da baya yake ci. Ruwa na zubowa daga bakinsa yana rarake gindin gaɓa, saman ya rufta, bakin ya matso tudu. Mutanen garin Gombe, inda ƙasar rairayi ce mai saurin sakin jiki, sun ga yadda yake cin gidaje da hanyoyi. Rufin kwano da kwalta suna ƙara masa abinci, don ba sa shan ko ɗigo. Masu juye shara a ciki da sunan cikewa kuwa, malka ɗaya ta ishe su amsa.

Maganin kuwa daga tudu yake farawa. A Keita ta jihar Tahoua a Nijar, aikin tare zaizayar ƙasa da aka fara a 1984 da tallafin Italiya bai tsaya a cikin kwari kawai ba, har tudu ya hau. An jera duwatsu a gicciye, an haƙa ramuka masu tare ruwa, an dasa itatuwa, kuma mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na aikin. Dabarar rabin wata da ramukan tassa duk manufarsu ɗaya: a rage wa ruwa gudu ya samu ya nutse. Jema da gamba da kakanni ke shukawa a kan iyakar gona ma aikin da suke yi ke nan. Bayan ruwa ya ɗauke, leƙa gindinsu ka ga laka a tare.