Idan Likita Ya Sa Ranar Aiki

Ma'aikatan ɗakin awo a asibitocinmu sun saba ganin katin mai cikin da aka rubuta wa ranar tiyata, ranar ta zo ta wuce, mai katin ba ta bayyana ba. Sai bayan mako biyu ko uku a kawo ta da tsakar dare a bayan a-daidaita-sahu, ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ta sha rubutu ta sha jiƙo, jini ya zuba, ɗan cikin ya galabaita. Aikin da ta guje wa shi ɗin dai za a yi mata, sai dai yanzu a gurguje, babu jini a ajiye, kuma da jikin da ya riga ya jigata. Ban ga laifin matar nan ba. Tsoro ne ya zaunar da ita, kuma rabin tsoron daga bakin mutane ta kwaso shi.

Dalilan da ke sa likita ya tsayar da rana tun kafin naƙuda sanannu ne. Wani lokaci hoton ciki kan nuna mabiyiya ta sauko ta zauna a bakin mahaifa, ta tare hanyar da ɗa zai bi. Irin wannan idan naƙuda ta tashi jini ne ke riga ɗan fitowa, kuma zubarsa ba ta jiran a nemo mota. Wani lokaci ɗan ne ya kwanta a gicciye, ko ya zo a zaune ya ƙi juyawa. Akwai wadda aka taɓa yi wa aiki sau biyu ko fiye, ana gudun kada tsohon ɗinkin mahaifarta ya ɓalle da ƙarfin naƙuda. Akwai kuma matan da aka yi wa gyaran yoyon fitsari a irin cibiyar Babbar Ruga ta Katsina, ko sashen Laure da ke Asibitin Murtala a Kano, waɗanda ake sallama da gargaɗin cewa duk cikin da suka samu nan gaba tiyata za a yi, kada kan ɗa ya sake yaga abin da aka sha wuya kafin a ɗinke.

Ana yawan cewa likitocin yanzu ba su da haƙuri, da mace ta shigo sai wuƙa. A wasu ƙasashe zancen na da ƙamshin gaskiya, domin a Birazil da Masar fiye da rabin jarirai ta tiyata ake ciro su, a duniya baki ɗaya kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 adadin ya kai kashi 21 cikin 100. Tamu matsalar akasin haka ce. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kusan haihuwa 3 ne kacal cikin 100 ake yi ta tiyata, a Arewa maso Yamma ma bai kai haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta bayyana a 2015 cewa muddin ƙasa ba ta kai kashi 10 ba, ƙaruwar tiyata na tafiya tare da raguwar mutuwar uwaye da jarirai. Wato a nan, matan da ke buƙatar aikin ba su samu ba sun fi waɗanda aka yi wa ba dalili yawa nesa ba kusa ba. Ba na musun a samu asibitin kuɗi mai gaggawa. Wadda ta yi shakka ta ɗauki hoton cikinta ta kai wa wani likitan ta ji ta bakinsa. Komawa gida a yi shiru shi ne abin da ba shi da amfani.

Yawanci ana sa ranar ne idan ciki ya cika mako 39, sai fa idan akwai larurar da ta tilasta a matso da ita. Hikimar ita ce huhun jariri na ƙarasa ƙwari a makonnin ƙarshe, wanda aka ciro kafin nan ya fi fuskantar wahalar numfashi. Amma naƙuda ba ta duba kalanda. Idan ciwon mara ya taso kafin ranar, ko faya ta fashe, ko aka ga jini, ko motsin ɗa ya ragu, a kama hanyar asibiti a lokacin, ko da ƙarfe nawa ne.

Babban abin da ke hana mata barci shi ne ɗakin tiyatar kansa, don kusan babu mai gaya musu abin da ke faruwa a ciki. Za a ce ta daina cin abinci awa shida zuwa takwas kafin lokacin, ruwan sha kuwa ma'aikata za su faɗa mata sa'ar da za ta tsaya. Za a ɗaura mata ƙarin ruwa, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. A ɗakin za ta zauna a bakin gado ta sunkuya, ta rungumi matashi, ta turo bayanta. Mai ba da allurar kashe zafi zai goge wurin da magani mai sanyi, ya laluba ƙasan bayanta da yatsa, ya sa siririyar allura a ƙasa da inda lakar gadon baya ta ƙare. Cikin 'yan mintuna ɗumi zai bi ƙafafunta, su yi nauyi kamar an ɗora musu turmi, ta nemi ɗaga su ta kasa. Za a sa mata robar fitsari, a rataya ƙyalle a saitin ƙirjinta don kada ta ga wurin. Ba a fara yanka sai an gwada an tabbatar ba ta jin zafi. Idonta biyu, tana jin maganar mutane, tana jin ana ja ana dannawa, wani lokaci jikinta ya yi ta ɓari ko zuciyarta ta tashi, duk abubuwan da ma'aikata suka saba da su kuma suna da maganinsu. Idan kuwa ta ji zafi na gaske, ta faɗa nan take, kada ta yi kara. Galibi cikin kamar minti goma na farko ake jin kukan jariri. Ragowar lokacin, wanda duka-duka bai cika wuce awa ɗaya ba, na ɗinki ne.

Wannan kaɗai ya amsa fargabar da ta fi yawa, ta a yi barci ba a farka ba, domin allurar barci ba ita aka fi amfani da ita ba yanzu. Zancen cewa allurar baya na bar wa mace ciwon baya na har abada shi ma bincike bai gaskata shi ba; ciki da goyo da sunkuyon aikin gida sun isa su kawo ciwon baya ko ba allura. Abin da takan jawo wa 'yan kaɗan shi ne ciwon kai mai tsananta idan an tashi zaune, shi ma ana magance shi.

Ba zan ce aikin ba shi da haɗari ba, don babban aiki ne. Jini na iya zuba fiye da kima, ciwon na iya ruruwa, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Sai dai wanda aka shirya da rana tsaka, an auna komai, ya fi na gaggawa sauƙin haɗari. Makonnin da ke tsakanin sa rana da zuwanta na shiri ne, kuma shirin farko jini ne. Da yawan matanmu na isa watan haihuwa da ƙarancin jini saboda zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ta riƙa shan maganin ƙarin jinin da ake bayarwa a awo, a san rukunin jininta, a kuma nemo masu bayarwa tun da wuri, a auna su a ajiye. Mijin da ke yawo a harabar asibiti da ƙarfe biyun dare yana kiran abokai a waya neman leda ɗaya, da ya yi wannan kiran mako guda kafin nan da hankalinsa kwance.

Sai kuɗi. A Nijar tun 2005 gwamnati ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta a asibitocinta, ko da yake iyalai kan tarar da sai sun sayi wasu kayan. A Nijeriya, a watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyata kyauta ga mata marasa ƙarfi da ke buƙatarta, amma ba kowane asibiti ke cikin shirin ba. Maigida ya je da kansa ya tambaya, ya karɓi jerin abin da za a saya a rubuce. Ya kuma shiga wurin likita tare da matarsa ya ji bayani da kunnensa, ya sa hannun da ake nema kafin ranar, kada a wayi gari ana nemansa yana kasuwar ƙauye wayarsa ba ta shiga.

Akwai tsoron da likita ba shi da allurarsa. Shi ne na a ce raguwa ce, ta kasa abin da kowace mace ke yi; na habaicin kishiya, da shirun uwar miji mai cewa ita goma ta haifa a ɗakinta ko ungozoma ba ta kira ba. Wannan magana tana kashe mata, kuma ina nufin kisa na zahiri. Mabiyiyar da ta tare hanya ba ta san jaruma ba. Mijin da ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Hajiya, ni na ji bayanin likita, ni na amince," ya ɗauke wa matarsa kayan da ya fi na ciwon nauyi. Ita kuma ta nemi macen da aka taɓa yi wa aikin ta warke, ta zauna da ita ta yi tambaya son ranta, ta toshe kunnenta daga masu kawo labarin wance da ta shiga ba ta fito ba. Ta yi addu'arta, a yi mata. Neman magani bai taɓa kore tawakkali ba. In fargabar ta kai ga hana ta ci da barci, ko ta taso daga wata haihuwar da ta sha azaba ko ta rasa ɗa, ta gaya wa malamar awo ƙarara, don wannan ma larura ce da ake dubawa.

Bayan aiki za a so ta tashi ta taka tun a ranar farko ko washegari. Tashin farko da wuya: ta juya gefe, ta sauko da ƙafafu, ta dafa da hannu, ta tallafe mararta da matashi idan za ta yi tari. Takawar na taimakawa wajen hana jini daskarewa. Ta sha maganin ciwo a kan lokaci, ta ba jariri nono da wuri har da dakashi. Jegon kuwa dole ya canza. Fyaɗa tafasasshen ruwa da ganye a kan ɗinki ba nata ba ne, ruwa mai ɗumi ya isa, a tsane wurin ya bushe. Kunun kanwa ma a yi hattara da shi, musamman ga mai hawan jini. Daka da ɗiban ruwa da ɗaukar abin da ya fi jaririn nauyi su jira kamar mako shida, don haka tun yanzu a san wace 'yar'uwa ce za ta zauna da ita. Zazzaɓi, ko ruwa mai wari daga ɗinki, ko jini mai yawa, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko sarƙewar numfashi, duk na komawa asibiti ne, ko da ranar suna ce.

Kafin a sallame ta, ta tambayi dalilin aikin da irin yankan da aka yi wa mahaifar, a rubuta mata ta adana. Likitoci na ba da shawarar a huta wata 18 zuwa 24 kafin wani cikin. Wadda aka yi wa aiki sau ɗaya, in dalilin bai dawo ba, tana iya haihuwa da kanta, kusan uku cikin huɗu na masu gwadawa suna dacewa. Sharaɗin shi ne a yi naƙudar a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini a kusa, saboda ɗinkin kan ɓalle ga kamar mace ɗaya cikin 200, kuma idan ya ɓalle mintuna ake ƙirgawa.