Ƙaramar Mota Ga Ɗan Kasuwa: A Duba Hanya Kafin A Duba Fenti

Duk wanda ya tsaya a bakin kwalta a garin Badagishiri ranar kasuwa, zai ga yadda ƙananan motoci suka zama jakunan zamani. Wata ta taso daga Tawa, wata daga Illela, wata kuma tun daga Birnin Ƙwanni, kowace an danƙare ta da mutane da kaya, ƙofar bayanta a ɗage an ɗaure da igiya. Irin motocin nan ne guntaye marasa dogon but, waɗanda ƙofar bayansu ke ɗagawa sama tare da gilashi, kuma idan aka kwantar da kujerun baya sai wurin kaya ya buɗe. Ba abin mamaki ba ne idan Hajiya mai sarin atamfa ko Alhaji mai sayen albasa suka fara tunanin mallakar tasu, domin a huta da jiran mota ta cika a tasha, a kuma huta da gardama da 'yan kamasho kan kuɗin kaya.

To amma kuɗin da za a zuba ba na wasa ba ne. Wata adashen shekara biyu za ta kwasa, wani kuwa sai ya sayar da shanu ko ya taɓa uwar kuɗi. Idan aka yi sa'a, motar ta taimaki kasuwanci. Idan aka yi rashin sa'a, sai ta koma ramin da riba ke zurarewa, yau gareji gobe gareji, har jarin ya karye. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu zauna da masu karatunmu mu auna lamarin tun kafin a damƙa wa dillali kuɗi.

Hanyar da za ki bi ita ke zaɓa miki mota

Abu na farko shi ne mutum ya tambayi kansa inda zai riƙa zuwa. Badagishiri tana kan hanyar da ta taso daga mararrabar Tsarnawa ta nufi Tawa. Daga Tsarnawa, idan aka yi gabas sai Malbaza da Galmi da Madawa har Maraɗi, idan aka yi yamma sai Ƙwanni, daga nan kuma Yamai na da nisan fiye da kilomita 400. Wanda zai tsallaka iyaka ta Illela ta Najeriya, tafiyar da ke gabansa zuwa Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba. Ke nan ɗan kasuwar wannan yanki tuƙi iri uku yake yi: na cikin gari tsakanin 'yan kabu-kabu da amalanke, na doguwar kwalta tare da manyan motoci, da kuma na burji da rairayi zuwa kasuwannin ƙauye.

A cikin gari, mota mai injin lita 1.0 ta wadatar, ga ta da ƙarancin shan mai, ga sauƙin juyawa a lungu. Amma a bisa kwalta labarin ya sha bamban. Idan aka ɗauki mutum huɗu da kaya, aka kunna na'urar sanyi, sannan aka zo wuce tirelar da ta ɗauko siminti daga Malbaza ko albasa daga Galmi, ƙaramin inji yakan daɗe a hannun da ba nasa ba kafin ya wuce, kuma a irin wannan daɗewar ce ake yin taho-mu-gama. Don haka shawararmu ga mai yawan tafiya ita ce ya nemi inji mai lita 1.3 zuwa 1.6. Bambancin shan man kaɗan ne, amma numfashin motar a kan hanya ba ɗaya ba ne.

Haka kuma a durƙusa a leƙa ƙarƙashin motar. Yawancin waɗannan motoci an ƙera su ne domin titunan Turai da Japan, cikinsu na kusa da ƙasa. Yankin Adar kuwa ƙasa ce ta duwatsu da kwari, inda da damina korama ke yanke hanya ta bar rairayi. Dutse ɗaya ya isa ya fasa tukunyar baƙin mai, idan direba bai lura ba injin ya ƙone kafin a isa gari.

Wace iri ce ta fi dacewa?

Toyota Starlet tsohuwar yayi ta yi suna saboda juriya, shi ya sa ta daɗe tana aikin tasi a Yamai, kuma da wuya a samu makaniken da bai san cikinta ba. Sai dai a tuna cewa tun 1999 kamfanin ya daina ƙera ta, wato wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25. Starlet ɗin da aka fito da ita a 2020 kuwa suna ne kawai suka haɗa, domin ita Suzuki Baleno ce da ake ƙerawa a Indiya aka liƙa mata tambarin Toyota, kayan gyaransu ba sa shiga na juna.

Yaris ce ta gaji Starlet a 1999, a Japan kuma an riƙa kiran ta Vitz har zuwa 2020. Wani alherinta shi ne injinta na fetur sarƙa yake amfani da ita a maimakon bel na roba, ita kuwa sarƙa takan daɗe matuƙar ana canza baƙin mai a kan lokaci. Amma a yi hattara da wadda aka taso da ita daga Japan tana da sitiyari a dama aka juya shi zuwa hagu, domin idan aikin bai yi kyau ba, matsalar sitiyari da ta waya ba sa ƙarewa.

Volkswagen Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, ta fi waɗancan faɗi da nauyi, tana zama daram a kan kwalta, kuma kayan gyaranta na nan birjik a Sakkwato da Kano saboda yawan masu haya da ita. Illarta ita ce tsufa da yawan shan mai idan aka kwatanta da Yaris. Peugeot 206, wadda ta fito a 1998, tana da daɗin tuƙi da sauƙin kuɗi, amma makanikai sun san lagonta: ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya yakan cinye idan ana lafta mata kaya, sai a ga tayoyin sun karkace sun kwanta ciki. Ga mai ɗaukar buhu, wannan ba ƙaramin aibi ba ne.

Kowace iri mutum ya fi so, ya fara zagayawa wurin masu sayar da kayan gyara a Ƙwanni ko Tawa ya tambayi farashin shok da kulochi da famfon mai. Motar da sai an aika Yamai ko Kano kafin a samu abin da ya lalace, za ta sa a rasa kasuwa biyu ko uku tana kwance. Sannan mai ƙofa biyar ta fi mai ƙofa uku sauƙin lodi, mai giyar hannu kuma ta fi mai giya da kanta sauƙin gyara a garuruwanmu.

Lissafin mai da na kaya

A da, mutanen bakin iyaka ba su damu da shan mai ba, tunda ga na bumburutu nan a kwalabe da araha. Wannan zamani ya wuce tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya. A Nijar kuwa, duk da matatar SORAZ ta Damagaram da ta fara aiki a 2011, an ga dogayen layuka a gidajen mai a watan Maris na 2025. Bari mu yi lissafi da farashin da gwamnati ta tsayar a Yulin 2024, wato sefa 499 kowace lita. A ce mutum yana yin kilomita 2,000 a wata. Motar da ke shan lita 6 a kilomita 100 za ta ci kusan jika 60, wadda ke shan lita 9 kuwa kusan jika 90. Bambancin jika 30 ke nan duk wata, a shekara jika 360, kuɗin da ya isa jarin wata.

Batun kaya kuma, kowace mota na da ɗan allo a jikin ƙofa ko cikin gidan inji da ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka. Ga irin waɗannan ƙanana, abin bai cika wuce kilo 400 zuwa 450 ba, kuma har da mutanen da ke ciki. Idan manya biyar suka shiga, buhun gero ɗaya ya cike gurbin da ya rage. Abin da aka ƙara a kan haka, shok da taya da burki ne za su biya. Wanda sana'arsa buhuna ce, gara ya haƙura ya tara kuɗin a-kori-kura. Ƙaramar mota ta mai atamfa ce da takalma da kayan koli da turare.

Ranar ciniki

Shekara da shekaru motocin gwanjo ta tashar ruwan Kwatano suke zuwa, su ratso ta Malanbil da Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe wannan gada, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, abin da ya ƙara nisa da kuɗin ɗauko mota. Saboda haka da yawan abin da ake tallatawa a matsayin sabuwar shigowa, ta daɗe tana aiki a gida, wanka da fenti kawai aka yi mata.

A je da makanike na amana, wanda ba dillali ne ya kawo shi ba. A je da sassafe a tayar da injin yana sanyi, domin a lokacin ne yake faɗin gaskiya. Shuɗin hayaƙi alama ce ta inji mai shan baƙin mai. Farin kumfa a murfin baƙin mai kan nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. Kada a yarda da lambar kilomita da ke kan allo, ana mayar da ita baya, a duba yadda robar burki da sitiyari da kujerar direba suka goge. Sannan a hau kwalta a yi tafiyar akalla rabin awa da rana tsaka ana kallon allurar zafi, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin Adar na haura digiri 40, kuma lagireton da ya toshe ba ya nuna halinsa a zagayen cikin gari.

Taya ma abar dubawa ce. A gefenta akwai lambobi huɗu bayan haruffan DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2318, an yi ta ne a mako na 23 na 2018, ta tsufa ko da zanenta bai goge ba. Wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara kuwa ta lokacin sanyin Turai ce, robarta na da taushi, kwaltarmu mai zafi na cinye ta da wuri.

Daga ƙarshe sai takardu. A tabbatar da takardar duwan, da katin mallakar mota, da inshora, a kuma gwada lambar da ke jikin ƙarfen motar da wadda ke cikin takarda, harafi bayan harafi. Motar da ke da lambar Najeriya ba ta zama ta Nijar don kawai an biya kuɗinta a Ƙwanni. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a fayyace la'adar dillali tun farko. Kuma kada a ƙarar da kuɗi kaf a wurin saye, a ware na taya da batir da baƙin mai da bel, domin kusan kowace motar gwanjo sai ta nemi waɗannan a watan farko.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Mu dai abin da za mu ƙara shi ne, idan dillali ya ce a yi sauri akwai wani mai so, a bar wa wancan ɗin, motoci ba su ƙare ba. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kuma kiyaye hanya.