Taga ta Farko a Kwamfuta: Layi Huɗu Sun Isa

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa kwamfuta sai jarrabawar JAMB ta matso, shi ya sa hannu ke rawa. Mu 'yan ƙungiyar jarida mun gwada wani abu a ɗakin kwamfuta: mun sa na'ura ta buɗe tagar da mu muka ƙera, irin wadda ake jawowa da linzami, a faɗaɗa, a rufe.

Harshen da muka yi amfani da shi Python ne, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Yana zuwa da kayan ƙera taga mai suna tkinter, kuma da zarar an girka shi ba a bukatar intanet. Ga layukan:

import tkinter as tk
taga = tk.Tk()
taga.title("Gonarmu")
taga.mainloop()

Na farko ya ɗauko kayan aiki, na biyu ya ƙera tagar, na uku ya raɗa mata suna. Na huɗu shi ne ƙashin bayan aikin. Kamar mai gadin ƙofar ruwa ne a kanal: yana zaune yana jira, duk abin da aka latsa sai ya amsa. In aka cire shi, shirin ya ƙare nan take, tagar ba ta tsayawa.

Wurare biyu suka kayar da mu. Harafin T na Tk babba ne, ƙarami ba ya aiki. Sannan ɗayanmu ya ajiye aikinsa da sunan tkinter.py, Python ya riƙa ɗauko fayil ɗinsa maimakon na ainihi. Rabin awa ta tafi, ga janareta na shan mai.

Taga ba komai a ciki ba ta da amfani, don haka muka ƙara akwatin rubutu da maɓalli. Ruwan madatsar Tiga ne ke shayar da gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam. Takardun hukuma da hekta suke lissafi, iyayenmu kuwa da eka. Hekta 1 kusan eka 2.47 ce. Yanzu a rubuta hekta, a latsa, eka ta fito. A nan ma akwai tarko: abin da aka rubuta a akwatin, kwamfuta na ɗaukarsa rubutu ne ko da lamba ce, sai an juya shi da float kafin ya ninku.

Mai son gwadawa ya kwafi layukan a littafinsa kafin a tada janareta.