Kafin A Saya Wa Yaro Kwamfutar Aikin Inji

Tun shekarar 1929, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta zo ta tuƙe a Ƙauran Namoda, mutanen wannan yanki suka saba da inji. A zamanin nan gyaɗa da auduga ake lodi a tasha, fatake suna kawo kaya daga Shinkafi da Zurmi bisa raƙuma da jakuna. Injin wancan lokaci sai mutum ya tsaya a kansa, ya murɗa wannan, ya ja wancan. Na yau kuwa umarni ake rubuta masa, ya yi ta bi shi kaɗai dare da rana. Rubuta wannan umarni ya zama sana'a mai zaman kanta, alƙalaminta kuwa ita ce kwamfutar tafi-da-gidanka.

A shekarar 1983 Gwamnatin Tarayya ta kafa babbar makarantar kimiyya da fasaha a Ƙauran Namoda, 'ya'yan malamai da na attajirai suna koyon aikin lantarki a cikinta. Yaro ya gama, ya nufi wannan sana'a, sai ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce yana bukatar kwamfuta. Kuɗinta kan kai na saniya, daga jari kuma za a cire su. Kadan aka yi kuskuren zaɓe, an yi hasara biyu, watau kuɗi sun tafi, aikin da yaro ke nema kuma ya kuɓuce. Saboda haka ya kamata mai biya ya san abin da yake biya.

Ga yadda aikin yake. A jikin babban inji akwai wani ɗan akwati, masu sana'ar suna kiransa PLC. Shi ne ke kunna famfo, ya tsai da bel, ya auna zafi, ya ƙirga buhuna. Asalinsa a shekarar 1968 ne kamfanin motoci na General Motors a Amurka ya nemi abin da zai sauwaƙe masa kwance dubban wayoyi duk sa'ad da ya sake samfurin mota. A 1969 wani injiniya, Dick Morley, da abokan aikinsa suka fito da akwatin da aka kira Modicon 084. Yau irinsa ne ke tafiyar da manyan masana'antu, kamar ta siminti a Kalambaina ta Sakkwato, da ta casar shinkafa da aka buɗe a Argungu a 2017, da na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano. Umarnin akan zana shi kamar tsani, kowane mataki sharaɗi ne da jawabinsa, yadda masu nahawu suka sani: in tanki ya cika, a kashe famfo, in ruwa ya yi ƙasa, a kunna. A kwamfuta ake rubuta shi, sa'an nan a haɗa waya a zuba shi cikin akwatin.

To, abu na farko, kada a fara da tambayar wace kwamfuta ta fi kyau. A fara da tambayar wane inji za ta yi wa aiki. Kowane kamfani da manhajarsa, ba kuwa wadda ke jin harshen wata. Akwatin Siemens na Jamus da manhajar TIA Portal ake yi masa magana, na Allen-Bradley na Amurka da Studio 5000, na Mitsubishi na Japan da GX Works. Sai yaro ya tambayi malaminsa ko ubangidan da zai yi aiki a ƙarƙashinsa, ya rubuto sharuɗɗan manhajar a takarda, da ita za a shiga kasuwa. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, waɗannan manhajoji uku domin Windows aka yi su. Kwamfutar Apple tana da kyan gani da tsada, samari kuma suna sha'awarta, amma tun 2020 kamfanin ya koma sa mata ƙwaƙwalwa irin tasa, wadda ba dominta aka tsara manhajojin nan ba. Wanda ya saya wa ɗansa ita domin wannan aiki ya saya masa sirdin doki alhali raƙumi zai hau. A nemi mai ƙwaƙwalwar Intel ko AMD, mai ɗauke da Windows samfurin Pro.

Na uku, a duba wuri biyu da ke cikinta. Ɗaya ana ce masa RAM, misalinsa shimfiɗar ɗan kasuwa a rumfa, inda yake baza hajar da yake ciniki a kai yanzu. Ɗayan shi ne ma'aji, misalinsa sito. Shimfiɗa in ta yi ƙanƙanta, sai ɗauko wannan, mai da wancan, ciniki ya yi nawa. Kada RAM ya gaza gigabait 16, in da hali 32 ya fi. Dalili kuwa, injin da aka kafa shekara goma sha biyar da suka wuce da tsohuwar manhaja aka rubuta umarninsa, ita kuma sau da yawa ba ta zama lafiya wuri guda da sabuwa. Sai ma'aikaci ya keɓe wa kowace ɗakinta a cikin kwamfutar, tamkar kwamfuta cikin kwamfuta, kowane ɗaki kuwa yana cin rabonsa na shimfiɗa. Ma'aji ya zama irin wanda ake kira SSD, domin ya fi sauri, ba ya kuma da faifai mai juyawa da jijjigar mota za ta lalata. Kada ya gaza gigabait 512.

Na huɗu, a ƙirga kafofin da ke gefenta. Yawancin akwatunan yanzu ta kafar Ethernet ake shigarsu, siraran kwamfutocin yayi kuwa da yawa an cire musu ita domin a rage kauri. Tsofaffin injuna wasu sai ta tsohuwar kafar nan mai tsinke tara, wadda yanzu sai an sayi mahaɗi an maƙala ta USB. A sayi mahaɗi na kirki, gama na banza yakan yanke magana ana tsakiyar zuba umarni, inji ya tsaya, leburori su zauna, mai masana'anta yana ƙirga hasara.

Na biyar, a tuna da ƙasar da za ta zauna. Ga ƙurar hunturu mai toshe fanka, ga zafin bazara mai wuce awo 40, ga wutar lantarki mai zuwa da ɗaukewa. Ƙirar 'yan ofis da masu aikin fili, kamar ThinkPad da Latitude, ta fi jure wahala, ana kuma samun batirinta da kayan gyaranta. Batir mai ƙarko wajibi ne, domin mai aiki yakan daɗe tsaye gaban inji ba wurin caji kusa.

Wanda ƙarfinsa bai kai sabuwa ba, ta hannu ba aibu ba ce, ana samunta a kasuwar Farm Centre ta Kano. Sai dai a yi hattara da shekarunta. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa ta yau da kullum daga Windows 10. Windows 11 kuwa, in ƙwaƙwalwar Intel ce, tana neman zubi na takwas zuwa sama, watau ƙirar 2017 da bayanta. Wadda ta girmi haka, ko an karya farashinta, araha ba ta ado. Kada kuma a yi cinikin biri a sama. A kunna ta a gaban mai sayarwa, a cire caja a ga ƙarfin batir, a gwada kowace kafa, yadda ake buɗe bakin dabba a duba haƙoranta kafin a taya.

Saura abu biyu da akan manta. Manyan manhajojin nan da lasisi ake aiki da su, yana kuwa da tsada, sai a sa shi cikin lissafi tun farko. Mai koyo yana iya farawa da CODESYS, wadda ake samu kyauta. Sa'an nan a haɗa masa da ɗan ma'aji na waje, domin ƙa'idar sana'ar ita ce, kafin a taɓa umarnin kowane inji sai an kwafe na asali an ajiye a wuri biyu, kamar yadda malami kan sa a juya littafi kafin ya ba da aronsa. Umarnin nan amanar mai masana'anta ne.

Uban da ya bi waɗannan, ko da bai taɓa taɓa kwamfuta ba, ba a cutarsa a ciniki, gama tambayoyin da zai yi su ne waɗanda ya saba yi a kasuwar Shinkafi: wane kaya za ta ɗauka, wace hanya za ta bi, shekarunta nawa. In amsa ta yi daidai da takardar da yaro ya rubuto, sai a yi ciniki, a sa albarka.