Yadda Za Mu Kai wa Ƙannenmu Gizo Har Cikin Aji

 Makon jiya mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun leƙa ajin share fage na firamaren da ke maƙwabtaka da mu. Yaran 'yan shekara 4 zuwa 5 ne. Da muka shiga sai muka ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Shiru. Sai wata yarinya ɗaya ce daga baya ta amsa, "Ta zo mu ji ta." Muka tambaye su wace ce matar Gizo, babu wanda ya san Ƙoƙi. Amma sunayen katun na talabijin kuwa, har rige-rigen faɗa suke yi.

Abin ya dame mu. A da kaka ce ke tara jikoki bayan sallar isha ta yi musu tatsuniya. Yanzu kowa na kan waya. Idan gida ya daina, makaranta kuma ba ta ɗauka ba, wa zai gaya wa ƙannenmu? Mun san manya na cewa wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata. Malamarmu ta Hausa ta ce dabara ce don kada yara su bar aike su zauna hira. Mu dai mun yi da rana, kuma duk mun koma gida lafiya.

Abin da muka lura shi ne ƙaramin yaro ba ya iya zama shiru ya daɗe yana saurare. Sai an ba bakinsa da hannunsa da ƙafarsa aiki. Ga hanyoyi huɗu da malamar ajin ta nuna mana, da tatsuniyar Gizo da hankaki, wadda hankaki suka ara wa Gizo gashinsu ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya yi haɗama, suka ƙwace gashinsu suka bar shi a can.

Na farko, amshi. A koya musu buɗewa da rufewa, wato "Ta zo mu ji ta" da "Ƙurunƙus." Duk inda aka ambaci hankaka su yi kukansa. Mai ba da labari kuma ya kwaikwayi tsamin bakin Gizo. Yaron da ke jiran inda zai amsa ba ya gyangyaɗi.

Na biyu, gini. A kwaɓa yumɓu, kowane yaro ya mulmula jikin Gizo, ya kafa masa ƙafafu da sillen kara. Gizo-gizo ƙafa 8 gare shi, ƙoƙi-ƙoƙi kuwa 6. Kun ga an koyi ƙirga ba tare da an taɓa allo ba.

Na uku, wasan kwaikwayo. A yanka fukafukai daga tsohon kwalin taliya, a shafa gawayi, a bar ƙirji fari da alli. A zana da'ira a ƙasa a ce ita ce ruwa. Kowane hankaka ya ba Gizo gashi ɗaya, daga baya ya zo ya karɓe abinsa.

Na huɗu, jera hoto. A zana hoto 3: aron gashi, cin ɓaure, da Gizo shi kaɗai a kan bishiya. A cakuɗa su, yara su jera wanne ne farko, wanne ne ƙarshe. Sannan a tambaye su, "Me ya sa hankaki suka yi fushi?" A bar su su faɗa da bakinsu. Wani yaro ya ce mana, "Don ya cinye bai raba ba."

Akwai abubuwan kiyayewa. Babba ne kawai zai riƙe almakashi. A guji tatsuniyar Dodo mai ban tsoro, don wani yaron zai kwana yana firgita. Kuma a riƙa sauya masu fitowa, kada yaro ɗaya ya zama Kura kullum har sunan ya bi shi unguwa.

Duk wannan bai ci ko naira ɗaya ba. Wanda bai iya tatsuniya ba ya tambayi kakarsa, ko ya nemi littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya. Muna roƙon shugaban makarantarmu ya ba mu izini mu riƙa zuwa ajin sau ɗaya a wata. Mai son shiga ya kawo tatsuniya ɗaya da kwali ɗaya, ya ba da sunansa wurin sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis.