Ƙarin Girma a Aikin Gwamnati

Da yawa daga cikinmu ɗalibai 'ya'yan ma'aikatan gwamnati ne, kuma da yawa aikin gwamnatin za mu nema in Allah Ya sa mun gama karatu. Saboda haka na ga ya kamata mu san yadda ma'aikaci yake hawa daga wannan matsayi zuwa wancan, da dokokin da aka shimfiɗa don kada a zalunci kowa. Na yi tambaya wurin malamanmu da wasu tsofaffin ma'aikata, ga kuma abin da na fahimta.

Tsanin da ma'aikatan Nijeriya suke hawa yau ya samo asali ne daga hukumar da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972, a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji. Hukumar ta miƙa rahotonta a 1974. Abin da iyayenmu suka fi tunawa da Udoji shi ne ƙarin albashin da aka biya har da bashin watannin baya, mutane suka yi ta sayen rediyo da babura, farashin kaya kuma ya tashi a kasuwa. Amma babban aikin hukumar shi ne haɗa ma'aikata a kan tsani guda mai matakai 17. Masinja da mai gadi suna can ƙasa, darakta yana mataki na 17. Wanda ya gama jami'a yakan fara daga mataki na 8.

A aikin gwamnatin tarayya akwai sharuɗɗa huɗu kafin a ƙara wa mutum girma. Na farko shi ne daɗewa a kan mataki. Wanda yake mataki na 6 zuwa ƙasa sai ya yi shekara 2, daga na 7 zuwa na 14 shekara 3, daga na 15 zuwa sama kuwa shekara 4. Na biyu shi ne rahoton shekara-shekara, wanda shugaban ma'aikaci yake cikawa game da ƙwazonsa da halinsa. Na uku jarrabawa, ko a rubuce ko ta baka. Na huɗu, wanda ya fi ba mutane wahala, shi ne a sami gurbi a sama. Haka kuma wanda ake bincikensa kan wani laifi ba a duba maganarsa sai an wanke shi. A tsarin da aka daɗe ana bi, jarrabawa tana da maki 70 cikin 100, rahoton shekara 20, girman daɗewa a aiki 10, kuma sai mutum ya sami 60 ake cewa ya ci.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce Allah Ya ba ɗayanmu digiri, ya fara a mataki na 8. Ba a tsayawa a mataki na 11, daga na 10 sai na 12. To, zai zauna shekara uku-uku a matakai shida, wato na 8, 9, 10, 12, 13 da 14, shekara 18 ke nan. Sa'an nan ya yi shekara huɗu-huɗu a na 15 da na 16, ya zama 26. Ga shi kuwa doka ta ce ma'aikaci ya yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ashe ko da bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, shekara 9 kacal ta rage masa. In aka tsallake shi sau uku ko huɗu, yana iya barin aiki bai ga kujerar darakta ba. Wannan ne ya sa jinkirin shekara guda ba ƙaramin abu ba ne ga ma'aikaci, musamman da yake har kuɗin da zai dogara da su bayan ritaya suna bin albashinsa.

To, ina rashin adalci yake shigowa? Wuri na farko shi ne rahoton shekara. Dā a asirce ake rubuta shi, ma'aikaci bai san abin da aka faɗa a kansa ba, sai dai ya ga ana ta wuce shi. Bayan Udoji aka koma nuna masa rahoton ya karanta ya sa hannu. Wannan gyara ne mai kyau, amma ya zo da tasa matsalar. Shugaba yana jin kunyar rubuta gaskiya a kan wanda suke gaisawa kullum, sai ya ba kowa maki mai yawa, rago da mai himma su zama ɗaya. Shi ya sa gwamnatin tarayya ta fara sauya shi da sabon tsari, inda ake yanka wa ma'aikaci aikin da zai yi, a auna shi da abin da ya cim ma.

Wuri na biyu shi ne gurbi. Kawuna akawu ne a wata ma'aikata, ya ci jarrabawa sau biyu a jere, aka ce masa babu gurbi, ya sake zama shekara mai zuwa. Ba zan ce wani ne ya ƙi shi ba, tsanin ne yake tsukewa a sama. Don a rage wannan cunkoso, a 2009 gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ƙayyade wa darakta shekara 8, babban sakatare kuma shekara 4 da za a iya sabuntawa sau ɗaya. An dakatar da dokar a 2016, aka dawo da ita a 2023.

Wuri na uku shi ne son kai. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. In wasiƙar wani babba ta fi takardar jarrabawa ƙarfi, to, masu aiki tsakani da Allah gwiwarsu za ta yi sanyi. Akwai kuma ƙarin girma na takarda, inda za a ba mutum wasiƙa amma albashinsa bai motsa ba shekara da shekaru.

Akwai gardamar da ake yi a kan raba muƙamai tsakanin jihohi. Tsarin mulkin 1979 ne ya shigo da wannan ƙa'ida, aka kuma kafa mata hukuma a 1996. Masu goyon baya suna cewa ilmin boko bai iso ko'ina a lokaci guda ba, in ba a yi rabo ba wasu za su mamaye ofisoshi. Masu suka suna cewa ana danne wanda ya fi cancanta. A ganina, a yi rabon a bakin ƙofa lokacin ɗaukar aiki, don kowace jiha ta sami shiga. Amma in an shiga, a bar aikin kowa ya ɗaga shi.

Ya kamata kuma mu tuna da 1975, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000. Niyyar ita ce a share ɓarna, amma an haɗa da waɗanda ba a saurari bakinsu ba. Darasin shi ne, hukunci da sakayya duka sai an bi doka a fili kafin su yi amfani.

Mu ma a makaranta mun san wannan. In aka naɗa shugaban ɗalibai don cancanta, kowa yakan bi shi da zuciya ɗaya. In kuwa aka naɗa shi don ɗan wane ne, sai gunaguni ya cika ɗakin kwana. Ina roƙon hukumomi su riƙa kafa sakamakon jarrabawa da yawan guraben da ake da su a allo kowa ya gani, su kuma biya kuɗin ƙarin girma a kan kari. 'Yan'uwana ɗalibai kuma, wata rana mu ne za mu riƙe alƙalamin cika rahoton wani. Allah Ya ba mu ikon rubuta gaskiya, amin.