PCM ko Dolby: wanne ya dace da sawunbarka?

Ran da na kawo sawunba, doguwar sifikar nan, daga Zariya zuwa gida Makarfi, abokai suka cika falo. Na kunna fim daga filas: ga hoto, ba murya. Kunya kamar in nutse! Ashe sautin fim ɗin DTS ne, ita kuwa ba ta karanta shi. Ina mayar da saitin talabijin PCM, murya ta fito.

To, in taka 2.1 ce, bar ta a PCM. Ai Labarina da waƙoƙin Hamisu Breaker a YouTube galibi sitiriyo ne. In 5.1 ce, zaɓi Bitstream, don wayar optikal ko HDMI ARC layi biyu kacal take ɗauka a PCM. Duba kwali kafin ka biya.